Allah Ba Ya Canjawa: To, Da Wa Ake Maganar?

'Yan uwana mata, akwai wata magana da ba ta rabuwa da bakin Kiristoci, manya da yara, wato "Allah ba ya canjawa." A gidan ta'aziyya za ki ji ta, a wurin ɗaurin aure za ki ji ta, a taron Zumuntar Mata kuwa har cikin waƙa take fitowa. Koyarwa ce ta Littafi Mai Tsarki, ban zo yin musu da ita ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda ake kai ta. Mace za ta zo da kumburarren ido, ko ta ce wata uku ke nan rabon maigida da ajiye kuɗin cefane, ya tare a wani gida can, sai a dafa kafaɗarta a ce, "Ki yi haƙuri, Allah ba ya canjawa, kuma Allah ya ƙi saki, koma ɗakinki." Shi ke nan an rufe tukunya da zafinta. Shi kuwa gogan naku ko aika masa ba a yi ba, balle a zaunar da shi.

To, waɗannan maganganu biyu, ta rashin canjawa da ta ƙin saki, daga ɗan littafi guda aka ciro su, littafin annabi Malakai, kuma ayoyi 6 ne kacal a tsakaninsu. Shi ya sa na ce bari mu buɗe littafin kansa mu gani, wai shin da wa ake maganar nan tun asali?

Malakai shi ne littafi na ƙarshe a Tsohon Alkawari yadda Kiristoci suka jera shi. Sura 4 ne, aya 55, kafin shinkafarki ta nuna kin gama shi. Sunan da Ibraniyanci yana nufin "manzona", shi ya sa wasu masana ke ganin laƙabi ne aka yi wa marubucin. Sai kin san halin da mutanen suke ciki kafin ki gane zafin maganarsa. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Yesu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ƙone Urushalima da Haikalinta, ya kwashe jama'a. A 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, bayan haka ya ba Yahudawa izinin komawa gida. Suka koma, suka sake gina Haikali, aka gama wajen 515. An sa rai za a ga ɗaukaka, za a ga wadata. Shekaru suka yi ta tafiya, shiru. Har yanzu gwamnan Farisa ke mulkinsu, gona ba ta bayarwa yadda ake so. Yawancin masana suna ajiye littafin a ƙarni na 5 kafin haihuwar Yesu, kusa da zamanin Ezra da Nehemiya.

Mutanen nan fa ba su bar addini ba. Gajiya suka yi da shi. Suna zuwa sujada, amma in za a kai hadaya sai a duba garke a zaɓo makauniyar tunkiya ko gurgu, a ce ai wannan ma ya isa. Amsar da littafin ya ba su ta ba ni dariya: wai su gwada kai wa gwamnansu irin wannan dabba su gani ko zai karɓa. Kin ji magana irin ta uwar gida in an kawo mata ruɓaɓɓen tumatir a ce cefane ne.

Salon littafin ma shi ne abin da ya fi burge ni. Ba shi da zaƙin harshe irin na Ishaya, ba shi da kukan Irmiya mai tsinka zuciya. Cacar baki ce zalla, har kashi 6. Allah zai faɗi magana, mutane su mayar masa da tambaya, shi kuma ya warware musu. Tun a farkon littafin Allah ya ce yana ƙaunarsu, su kuwa suka ce ya nuna musu ta ina. Duk wadda ta yi shekara goma a ɗakin miji ta san wannan murya. Muryar zaman da ya tsufa ce, ba a rabu ba, amma kowa ya juya wa kowa baya a kan gado ɗaya.

Yanzu mu zo sura ta 2, daga aya ta 10 zuwa ta 16. A nan ne aka ga maza a gaban bagade suna kuka wiwi, domin Allah ya daina karɓar baikonsu. Suka tambayi dalili. Aka ce musu dalilin yana gida. Allah ne ya tsaya shaida ranar da kowannensu ya ɗauki matar ƙuruciyarsa, ita ce abokiyar zamansa, matar da ya yi alkawari da ita, ga shi ya ci amanarta. A cikin wannan sashe an kuma zarge su da auro matan da ke bauta wa wasu alloli, kuma masu tafsiri da dama suna haɗa abubuwan biyu, suna cewa ta gida ake kora don a buɗe wa ta waje ɗaki. Ki lura da kyau 'yar uwa, a duk ayoyin nan 7 babu inda aka juya aka ce wa matar ta ƙara haƙuri. Babu inda aka tambaye ta ko miyarta ce ba ta daɗi, ko bakinta ne ya yi tsawo. Maza aka tsare. A shari'ar Musa, kamar yadda take a Maimaitawar Shari'a sura 24, namiji ne ke rubuta takardar saki ya miƙa wa mace. Saboda haka in an tsawata a kan saki, ai da mai riƙe da alƙalami ake.

Wasu tsofaffin masu tafsiri ma sun ce hawayen da ya jiƙa bagaden nan na matan da aka kora ne. Malaman Yahudawa kuwa, a cikin Talmud, sun rufe babinsu na saki da wannan wuri na Malakai, inda ɗaya daga cikinsu ya koyar cewa har bagade yakan yi wa matar fari kuka in an sake ta.

Ita kanta aya ta 16, wadda ake yi wa mata bulala da ita, tana cikin ayoyi masu wuyar fassara a Ibraniyanci. Wasu tsofaffin fassarori sun ɗauke ta a kan cewa Allah ne ya ƙi saki. Wasu sababbi, kamar fassarar Turanci ta NIV da aka sabunta a 2011, sun ɗauke ta a kan mijin da ya tsani matarsa ya sake ta, cewa ya zalunci wadda ya kamata ya kāre. Ki ɗauki duk wadda kika ga dama a cikin biyun. Ko ta nan ko ta can, ayar tana maganar zalunci, kuma yatsa yana nuna mutum ɗaya ne. Yaya aka yi sandar da aka sassaƙa don bayan maci amana ta koma bayan wadda aka ci amanarta? Haba jama'a!

Daga nan littafin ya gangara zuwa maganar rashin canjawa, kuma gangarowar ce ake tsallakewa. A ayar ƙarshe ta sura 2 mutanen sun fito da abin da ke cikinsu. Suka ce da alama mugaye ne Allah yake jin daɗinsu yanzu, suka tambaya ina Allahn adalcin da ake faɗi. A taƙaice, zarginsa suke yi da cewa ya canja, ko ya tsufa ya daina gani. Sai amsa ta zo cewa yana nan tafe, kuma zuwansa kamar wutar maƙeri ce da sabulun mai wanki. A aya ta 5 ta sura 3 kalmar shaida ta sake dawowa. Wancan da ya tsaya shaida ranar aure, shi ne zai tsaya shaida a kan masu sihiri, da mazinata, da masu rantsuwar ƙarya, da masu danne haƙƙin ɗan ƙwadago, da masu cutar matar da mijinta ya mutu, da maraya, da baƙo. Yana gama wannan lissafi sai aya ta 6 ta biyo baya, inda ya ce shi ba ya canjawa, kuma wannan ne dalilin da ya sa zuriyar Yakubu ba ta ƙare ba.

Kin ga ke nan maganar tana da baki biyu kamar takobi. Ga azzalumi, razana ce. Shaidun aure na duniya suna mutuwa, suna mantawa, wani a ba shi goro ya ce bai ga komai ba. Wannan shaida kuwa yana nan, abin da ya gani ranar ɗaurin aure bai goge ba. Ga wanda ya karai kuma, jinƙai ne, domin da a ce Allah yana juyawa yadda suke juyawa, da tuni ya tattara nasa ya bar su. Ki duba sunan da ya kira su da shi. Yakubu shi ne wanda ya sa fatar akuya a hannu ya yaudari tsohonsa makaho, ya karɓe albarkar wansa, kamar yadda yake a Farawa sura 27. Wato ana tuna musu ne cewa wayo da zamba a jininsu suke tun daga kaka, amma duk da haka ba a yar da su ba. Aya ta 7 kuma kira ce su juyo su dawo. Ashe ayar da ke cewa Allah ba ya canjawa, aikinta shi ne ta sa mutane su canja.

Hausawa suna cewa hali zanen dutse. A ganina wannan karin magana ya fi kusa da nufin Malakai fiye da dogon bayanin malamai. Halin Allah ake nufi, amincinsa ga alkawari da ƙinsa ga zalunci. Ba a ce halin da ke kike ciki zanen dutse ne ba. Yunwarki da dukan da kike sha ba su cikin abubuwan da aka ce ba sa canjawa.

Bari in ɗan ratse. Ayoyin da ke bin wannan, daga 8 zuwa 12, su ne na zakka, kashi ɗaya cikin goma da ake kawowa ɗakin ajiya. Aya 5 ne. Na amanar aure aya 7 ne. Ke da kanki ki ƙirga, a shekarar da ta wuce sau nawa kika ji an buɗe Malakai don zakka, sau nawa kuma don matar ƙuruciya? Ni dai ba zan ce komai ba.

Ba Malakai kaɗai ke da wannan maƙwabtaka ba. A Sabon Alkawari, wasiƙar Yakubu sura 1 aya 17 ta kwatanta Allah da haske wanda ba ya juyawa balle ya yi inuwa, kuma kafin surar ta ƙare, a aya 27, an ce sahihin addini shi ne kula da marayu da matan da mazansu suka mutu. Ibraniyawa 13 aya 8, wadda ke maganar dawwamar Yesu Almasihu, ayoyi kaɗan ne tsakaninta da aya ta 4, inda aka ce a girmama aure kuma Allah zai hukunta mazinata. Zabura 102, wadda ta kwatanta sama da ƙasa da tufa mai tsufa a sauya ta alhali Mahaliccinsu yana nan, addu'ar mutum ce wanda wahala ta ci ƙarfinsa har ya manta da cin abinci.

To, mai karatu da idon basira za ta ce, tsaya malama, ai akwai wuraren da Littafin ya ce Allah ya fasa abin da ya yi niyya. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. A Farawa sura 6 an ce ya yi baƙin cikin yin mutum. A Fitowa 32 Musa ya roƙe shi bayan an yi ɗan maraƙin zinariya, ya janye hukunci. Mafi ɗaure kai ita ce 1 Sama'ila sura 15, inda sau biyu aka ce ya yi nadamar naɗa Saul sarki, a aya 11 da 35, amma a tsakiyarsu, a aya 29, aka ce shi ba mutum ba ne da zai yi nadama. Kalmar Ibraniyanci ɗaya ce a duka ukun. Wanda ya rubuta surar ba barci yake yi ba, ya san abin da ya ajiye kusa da juna.

Wanda ya fi kowa warware mini wannan ƙulli shi ne annabi Yunusa, kuma cikin fushi ya warware shi. An aike shi Nineba, wadda kangonta ke daura da birnin Mosul na Iraƙi a yau, ya yi shelar cewa saura kwana 40 a kife birnin. Mutane suka tuba, Allah ya fasa. Yunusa ya hau dokin zuciya, ya ce dama abin da ya sa ya gudu tun farko ke nan, ya san halin wanda ya aike shi, mai jinƙai ne, da an tuba zai sauko. Kin ji fa. Fasawar ba ta ba shi mamaki ba ko kaɗan, domin ita ce halin da aka san Allah da shi tun zamanin Musa. Da Allah ya ƙi saukowa bayan mutum fiye da 120,000 sun ƙasƙantar da kansu, da a nan ne za a ce ya canja. Irmiya sura 18 ta shimfiɗa ƙa'idar a fili a gidan maginin tukwane: in an yi wa al'umma shelar hukunci ta juyo, za a fasa hukuncin, in kuma an yi mata alkawarin alheri ta kangare, za a fasa alherin.

Manyan malaman Kirista sun daɗe suna juya wannan batu. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda ya rasu a shekara ta 430, da Toma Akwinas da ya rasu a 1274, sun tsaya a kan cewa canji na wanda ke da rashi ne, ko ya ƙaru ko ya ragu, Allah kuwa cikakke ne, ba abin da zai ƙaru da shi. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Tun kafin su, a ƙarni na 3, Orijen na Iskandariya ya kawo misalin rana, wadda da zafinta ɗaya take narkar da kakin zuma ta kuma busar da laka. Mu ma mun san wannan, ranar da ke narkar da man shanu a ƙwarya ita ke ƙarfafa tubali a fili. Misalin yana da kyau, amma a wurina ya gaza a abu ɗaya. Rana ba ta jin kuka. Shi kuwa sarki Hezekiya, da aka ce masa ya kintsa gidansa mutuwa zai yi, ya juya fuska ga bango ya yi kuka, annabi Ishaya bai ma gama fita daga fada ba aka ce ya koma ya faɗa masa an ji addu'arsa, an ga hawayensa, an ƙara masa shekara 15. Yana nan a 2 Sarakuna sura 20. In aka ɗauki bayanin malamai aka zubar da labarun nan, sai a wayi gari da Allah mai kama da dutsen niƙa, kuma irin wannan Allah ne ake miƙa wa mace mai kumburarren ido.

Duk yabon da na yi wa Malakai, akwai inda bai gamsar da ni ba. An yi magana domin matan, amma ba a bar ko ɗaya ta buɗe baki ba. Maza sun yi ta mayar wa Allah tambaya daga farkon littafi har ƙarshe, ita kuwa matar ƙuruciya ba mu ji muryarta ba, ba mu san inda ta kwana ranar da aka kore ta ba. Sannan akwai ɗaya matar, baƙuwar da aka auro. Ita ma 'yar wani ce. A Ezra sura 10, a kusan wannan zamani, an yanke shawarar a sallami matan nan baƙi har da 'ya'yansu, aka jera sunayen mazan ɗaya bayan ɗaya, ba a rubuta sunan mace ko guda ba. Duk wanda ya karanta cewa Allah shaida ne a kan masu cutar baƙo, dole wannan sura ta tsaya masa a maƙogwaro. Ni ta tsaya mini, kuma ban ga amfanin a shafa mata mai ba.

Don haka in kina neman matan da suka yi magana da bakinsu, sai ki koma baya zuwa Littafin Ƙidaya sura 27. Wani mutum mai suna Zelofehad, daga kabilar Manassa, ya mutu a jeji bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya'ya mata 5: Mala, Nowa, Hogla, Milka da Tirza. Bisa tsarin da ake bi, maza ake ƙirgawa a rabon ƙasa, saboda haka sunan ubansu zai ɓace, su kuma su tashi a tutar babu. Ba su zauna a tanti suna cewa haka Allah ya so ba. Suka je har ƙofar alfarwa ta sujada, a gaban Musa da Ele'azara firist da shugabanni da dukan jama'a, suka ce a ba su gādo a cikin 'yan uwan ubansu. Musa bai ce musu shari'a ta riga ta sauka ba ta canjawa ba. Ya kai maganar gaban Allah. Amsa ta zo cewa 'yan matan suna da gaskiya, a ba su, kuma daga ranar ya zama doka a Isra'ila cewa wanda ya mutu ba ɗa namiji, 'yarsa ce za ta gāje shi.

Maza dai ba su haƙura ba. A sura 36 shugabannin danginsu suka dawo da ƙorafi, wai in 'yan matan suka auri 'yan wata kabila, ƙasa za ta bi su ta fita. Aka sa musu sharaɗi su auri wanda suke so, amma a cikin kabilar ubansu, suka kuwa auri 'ya'yan baffanninsu. Bayan Musa ya rasu, an haye Urdun an fara rabon ƙasa, sai ga su biyar ɗin nan sun sake bayyana a Joshuwa sura 17, a gaban Ele'azara da Joshuwa da shugabanni, suna tuna musu umarnin da aka bayar ta bakin Musa. Aka auna musu gonakinsu tare da na 'yan uwan ubansu.